Nadine, Ban Duba Ƙasa Ba

Ranar Alhamis, ashirin da bakwai ga watan Maris, wajen ƙarfe biyu na rana, Allah ya yi wa Nadine Oberholt rasuwa a kan hanyarta ta komawa Idaho. Motarta ce ta saki kwalta a wata doguwar gangara kafin garin Ely, a Nevada, ta je ta daki gindin dutse. Ita kaɗai ce a ciki. Shekarunta saba'in da ɗaya. Ta bar 'ya ɗaya, Corinne, da jikoki biyu, da mu tsofaffin da ke gudo wa sanyin arewa duk shekara mu yada zango tare da ita a hamadar nan ta kudu da Quartzsite, kowa cikin gidansa mai taya.

Washegari da safe labarin ya iske ni. Ina tsaye gaban motata ina kankare farin gishirin da ya taru a kan batir, waya ta yi ƙara. Corinne ce. Ta ce, "Kawu Emmett, Mama ta rasu." Na ce, "To." Ta yi ta bayani ina saurare. Da ta ajiye wayar na koma kan batir ɗin, na ƙarasa kankarewa, na shafa masa mai, na ɗaure, na wanke hannu da sabulu. Sai da na gama duk wannan sannan na tafi na gaya wa jama'a. Yau kwana goma sha biyar ke nan, Nadine, ko ɗigon hawaye ban yi miki ba. Ina cin abinci, ina barci. Mutane na rungume ni suna kuka a kafaɗata, ni kuwa idona na kan tayoyin motocinsu.

An ce ni zan rubuta wannan a manna a allon sanarwa na zango, tunda ni ne abokin zagayenki, mai duba motarki kafin ki kama hanya. Na karɓa ne don akwai maganar da ke cikina, na gwada faɗarta da baki ta ƙi fita. Amma bari in fara da ke tukuna.

Shekara tara ke nan da haɗuwarmu. Matata ta rasu, na sayar da gidanmu na Pueblo, na sayi tsohuwar mota mai ɗaki da kicin da banɗaki, na nufo kudu ban san kowa ba. Ina ji da motar nan kamar in goya ta. Duk wanda ya tsaya sai na gaya masa mil dubu goma sha tara kacal ta yi a duniya. Kika zo da kofin kofi a hannu, ba ki ko kalle ni ba, kika tsuguna gaban tayar baya.

"Bawan Allah, shekarar tayar nan nawa?"

Na ce, "Sabuwa ce fil. Dubi zanenta, ko cinyewa bai yi ba."

Kika ɗora yatsa a kan wasu lambobi huɗu a gefen tayar. "Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Shekararta goma sha ɗaya. Ta girmi jikana, kuma shi aƙalla ba zai fashe da kai a kan titi ba."

Ranar kika koya mini cewa ƙarancin tafiya ba abin alfahari ba ne a irin motocinmu. Motar da ba ta yi tafiya ba zama ta yi, zama kuwa shi ke busar da roba, ya tsage bel ɗin inji, ya sa man birki ya sha ruwa. Na ji haushinki ƙwarai. Na sayi tayoyi shida a satin, da aka cire tsofaffin kuma na ga yadda cikinsu ya tsattsage, na zo na ba ki haƙuri. Kika ce, "Haƙurin me? Kawo kofi."

Shekara talatin da huɗu kika yi kina gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta a Twin Falls, kuma kin sha faɗa cewa ba a taɓa rasa yaro ko ɗaya a motar da ta bi ta hannunki ba. Wannan kaɗai ne abin da na taɓa ji kin yabi kanki da shi. In za ki duba wa wani motar da zai saya, da hanci kike farawa. Ki rufe ƙofa da tagogi, ki zauna shiru minti goma. In kin ji ƙamshin turare sai ki ce, "To, me ake ɓoye mana?" Sannan ki cire takalmi ki taka ƙasan ɗakin da safa, taku ɗaya ɗaya, kina neman inda katako ya yi laushi. Ki buɗe kabad ɗin sama ki danna babban yatsa a kowace kusurwa, domin ruwan da ya shiga ta rufi a nan yake fara ruɓar da gida.

Hoyt Bledsoe yana nan da ransa, ya ƙaryata ni in ƙarya nake. Ya ga wata mota tana sheƙi, kujerun fata, labule sabo, ya rikice. Ya kai ki ne don ki taya shi yabo. Kika hau gadon da ke saman mazaunin direba, kika danna silin, yatsanki ya nutse har gaɓa ta biyu. Kika sauko kina goge hannu a wando.

"Kyan ɗan maciji ke nan, Hoyt. In ka saya, ka haɗa da lema."

Mai motar ya ce ai ɗan gyara ne kawai. Kika ce masa, "Ɗan'uwa, in ɗan gyara ne me ya hana ka yi?" Hoyt ya yi kwana uku ba ya gaishe ki. A rana ta huɗu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya zo da kwalbar zuma ya ajiye a ƙofarki.

Ke kika sa ranar Lahadin farkon kowane wata duk zango ke tada janareto na awa biyu, a kunna masa na'urar sanyaya ɗaki ya ji nauyi, don kada ya mutu da zama. Muna kiran abin wa'azin Nadine, saboda ba mai jin maganar wani sai an idar. Ke kike bi mota mota da kaskon suya, ki zuba ruwa a ciki ki ɗora a kan firji, in ruwan ya taru gefe guda ki ce a gyara tsayuwar motar, firjin gas ba ya son karkata. Matan da mazajensu suka rasu suka bar su da motar da ba su taɓa buɗe gabanta ba, ba kya yi musu gyaran su tafi. Sufana kike miƙa musu ki tsaya a kansu, kina faɗa kina zolaya, har su kwance abin da hannunsu. Da yawa a cikinsu yau su ke koya wa wasu.

Ke kuma kika kafa mana zagaye. Wata huɗu ko biyar motocinmu ke yi a tsaye a hamadar nan, rana na cin roba, ɓerayen daji na shiga ta ƙasa suna gwaguyar waya da tiyo. In bazara ta zo za a watse, dokarki ita ce ba mai duba motar kansa. Kikan ce laifi tudu ne, mai mota ya saba da lahaninta har ya daina gani. Kowa da abokin zagayensa. Abokin zai hau rufi, ya zaga gefe, ya shiga ƙasa, sannan mai mota ya yi masa tambaya uku a gaban mutane: sama, gefe, ƙasa. In ya amsa duka, sai ya bugi jikin motar sau biyu da tafin hannu, a tafi. Ba a taɓa yi wa ke kanki rangwame ba. Ke da kika fi mu duka sani, ni kika zaɓa, mai rabon wasiƙa da bai san bambancin tiyon birki da na ruwa ba sai da kika nuna masa.

To ga maganar.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina taka titunan Pueblo da jakar wasiƙu a kafaɗa, jiki kuwa magayi. Shekara uku da suka wuce gwiwata ta dama ta daina lanƙwasuwa. In na kai ƙasa, tashi sai an kama ni. Ban gaya wa kowa ba. Yaya zan tsaya gaban macen da ta girme ni da shekara biyu, wadda ke shigewa ƙarƙashin mota kamar ƙadangare, in ce ni ba na iya durƙusawa? Tsoro nake kada ki ba wani aikin. Ba ni da wani abin da nake yi a zangon nan da ya wuce wannan.

Sai na samo dabara. Rufi ina hawa da tsani a hankali, gefe ina zagawa. In aka zo ƙasa sai in koma ɓangaren da ba kowa, in sunkuya iya yadda zan iya, in haska tocila, in ga inuwa da ƙura. In ɗan jira minti goma. Sannan in ɗebi ƙasa in shafa a gwiwar wandona da gwiwar hannu, in fito ina kaɗewa. Sau uku na yi haka, shekara uku a jere.

Ranar Talatar da za ki tafi, kin riga kin naɗe rumfa, kin kashe gas, kina zaune a sitiyari gilashi a sauke. Su Hoyt na tsaye da kofunansu.

"Tsoho, sama?"

"Lafiya lau. Na ƙara gam a bakin tagar rufi."

"Gefe?"

"Iska daidai a taya shida. Fitilu duk suna kamawa."

"Ƙasa?"

"Na duba."

Kika kalle ni ta saman tabarau. "Ka duba dai?"

"Haba Nadine, dubi wandona."

"Na ga wandon," kika ce. "Wandon nan yana ƙoƙari."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na bugi motar sau biyu. Kika tada, kika ɗaga mini hannu, kika ce in daina cin wake daga gwangwani kamar mara gata.

A wayar nan ta ranar Juma'a Corinne ta faɗi wata magana da ta tsaya mini. Ɗan sandan da ya fara isa wurin ya ce babu alamar birki a kan kwalta, ko kaɗan. Na san gangarar. Abu biyu ne: ko ba ki taka birki ba, ko kin taka ƙafarki ta tafi har ƙasa babu komai. Tiyon birki guda da ɓera ya ɗan taɓa ya isa. Zai riƙe a miƙaƙƙiyar hanya kwana biyu, ya saki a gangara. Ke kika koya mini wannan, kuma shi ne dalilin da ake shiga ƙasa.

Ranar Asabar muna zaune da safe ana ta juya maganar, wani ya ce ko birki ne. Hoyt ya ce, "Wane irin birki? Emmett fa ya duba, a gabanmu." Kowa ya gyaɗa kai, wata ta dafa mini kafaɗa. Na shanye kofina. Ban ji kunya ba, ban ji tsoro ba, ban ji komai ba, kamar an yi wa ƙirjina allurar kashe zafi. Abin da na sani kawai shi ne ko dai ni na kashe ki ko ba ni ba ne, kuma amsar tana ƙarƙashin motarki.

Ranar Litinin na kwance ƙaramar motar da nake ja a baya na kama hanyar Ely. Hoyt ya ce zai raka ni, na ce a'a. Mil ɗari huɗu da wani abu, ban kunna rediyo ba. Da na zo gangarar ban tsaya ba. Na ga inda aka share gilashi aka tara a gefe.

Talata da hantsi na sami filin da motar janwe ta kai motarki. Corinne na can, ta zo kwashe kayanki. Gaban motar ya shige ciki, an tallafe ta da manyan katakai, amma daga tsakiya zuwa baya kamar ba abin da ya same ta, har tawul ɗinki na rataye a taga. Na ce wa mai filin ina so in shiga ƙasa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Baba, mai bincike bai zo ba tukuna. Ba a taɓa komai."

"Ba zan taɓa ba. Gani zan yi."

"Za ka iya kuwa?"

Na ce masa shiga dai zan iya.

Na jingina da taya na zame har na zauna, gwiwar tana ƙara kamar ana karya kara. Na kwanta rigingine a kan tsakuwa na ja jiki da kafaɗa. Na kunna tocila. Tiyon birkin gaba na hagu na fara gani, sabo ne, baƙi wuluk, babu danshi, babu haƙorin ɓera. Na ja jiki zuwa na dama, haka. Na baya ma haka. Bututun ƙarfen duk a bushe, an goge tsatsarsu an shafa musu mai. Babu inda man birki ya zuba.

Ina juyowa hasken ya sauka a kan babban ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, na ga rubutu da fenti ruwan ɗorawa. Hannunki ne. Ashe a nan kike rubuta ranar duk aikin da kika yi a ƙasa, layi bisa layi, tun shekarar da kika sayi motar. Na bi su da tocila har na zo ukun ƙarshe. Kowanne ranarsa kwana ɗaya ce kafin ranar zagayenmu.

Na shekara biyu da suka wuce: "An duba ƙasa. Gwiwar Emmett."

Na bara: "An duba ƙasa, an canza man birki. Har yanzu gwiwar Emmett."

Na bana, ashirin da huɗu ga Maris: "Sabbin tiyo duka. Tsohon nan bai iya ƙarya ba."

Na karanta, na sake karantawa. Tun shekarar farko kika gane. Kika karya dokarki da kanki, kika riƙa shiga ƙarƙashin motarki ke kaɗai a ɓoye, washegari ki zauna a sitiyari ki tambaye ni a gaban jama'a, in yi miki ƙarya, ki karɓa, ki bar ni in bugi motar sau biyu in koma da girmana. Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Na zaci a nan kukan zai zo. Bai zo ba. Tsakuwa kawai nake ji tana sukar bayana.

Fitowa ta gagara. Mai filin da Corinne suka kama ƙafafuna suka jawo ni waje kamar buhu, suka zaunar da ni jikin taya. A nan zaune na gaya wa Corinne komai, har da ƙasar da nake shafawa a wando. Ta karɓi tocilar ta shiga da kanta ta karanta. Da ta fito ta daɗe tana kaɗe rigarta. Sannan ta ce, "Da ka gaya mata, Kawu. Da ta samu mai riƙe mata tocila." Gaskiya ta faɗa.

Ranar Larabar nan takardar likita ta fito. Zuciya ce. A ganinsa kin riga kin tafi kafin motar ta bar kwalta, shi ya sa ba ki taka birki ba. Mai bincike ma ya zo ya ce birkin lafiyarsa ƙalau. Mutane sun ce in gode wa Allah, na gode. Amma ba ni na tsare birkin nan ba. Kwana uku kafin zuciyarki ta tsaya kina kwance a ƙasa kina fama da sufana, babu mai miƙo miki ko ruwa, ni kuwa ina taku hamsin daga wurin ina shan kofi. Girman kai rawanin tsiya ne, na ɗaura shi shekara uku.

Saboda haka ga sanarwa ga duk mai karanta allon nan. Ni Emmett Salcido ba na iya durƙusawa. Rufi zan hau, gefe zan zaga, lambar taya zan karanta muku. Ƙasa kuwa a nemi mai gwiwa, ni in zauna a gefe in riƙe masa fitila. Duk wanda ke da irin matsalata, ido ne ko baya ko hannu, ya faɗa tun kafin a watse. Mota goma sha ɗaya ta rage a zango, kada ko ɗaya ta tashi ba a shiga ƙarƙashinta ba.

Corinne, da ke da yaranki, ina yi muku ta'aziyya a madadin duk mutanen zangon nan. Kun yi rashin uwa, mu mun yi rashin wadda ke kallon abin da ba ma son kallo. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare ku a kan kowace hanya. Ina kuma neman afuwarku, ba don na cancanta ba.

Ke kuma Nadine, Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta, ya saka miki da alherin yaran da kika kai makaranta lafiya da tsofaffin da kika mayar gida lafiya. Ban san abin da kika tafi da shi ba na kuskure, kowa da nasa. Abin da nake roƙa shi ne in kin tsaya a gabansa, Ubangiji ya yi miki yadda kika yi mini: ya ga inda kika kasa, ya cika da kansa, ya rufa miki asiri. Amin.